Arzikin Ƙasa da Tsawon Ran Mutanenta: Tambayoyi da Amsoshi

Jaririn da aka haifa a Japan ana sa ran zai yi shekara 84 a duniya. Wanda aka haifa a Najeriya ko Chadi kuwa, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya tsaya ne tsakanin 54 da 55. Tazarar shekara 30 ke nan. Duk lokacin da aka fitar da irin waɗannan alƙaluma sai gardama ta tashi a majalisa da gidajen rediyo, kuma tambayoyin ba sa wuce waɗannan.

Me ake nufi in an ce tsawon rai a ƙasa shekara 54 ne? Ga tsofaffi masu 80 cike da unguwarmu.

Ba ana nufin kowa zai faɗi ya mutu da ya cika 54 ba. Matsakaici ne. Ana duba yawan mace-macen da aka yi a shekara ɗaya a kowane rukunin shekaru, daga jarirai har tsofaffi, sai a lissafa shekarun da jaririn yau zai yi idan abubuwa suka ci gaba a haka.

A ce an haifi yara goma a gari ɗaya. Takwas sun rayu har shekara 68, biyu sun rasu suna da shekara ɗaya. In ka haɗa shekarunsu duka ka raba goma, za ka samu kusan 55. Babu ko ɗaya cikinsu da ya mutu yana da 55, amma lambar garin ke nan. Mutuwar ƙananan yara da ta mata wurin haihuwa ita ke jan lambar ƙasa, fiye da komai. Dattijon unguwarku mai 80 yana cikin waɗanda suka tsallake ƙyanda da zazzaɓi da gudawa. Ƙannensa da ba su tsallake ba, ba ka gan su ba ne kawai.

Ba a hannun Allah ajali yake ba? Me ya haɗa shi da kasafin kuɗi?

A hannunsa yake, kuma wannan lissafi bai faɗi ranar mutuwar kowa ba. Abin da yake aunawa shi ne sababi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba a can, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Rijiyar burtsatse da allurar rigakafi da ungozoma mai horo duk cikin wannan babin suke.

To, da gaske ne mutanen ƙasashe masu arziki sun fi daɗewa?

Gaskiya ne, kuma an daɗe da sani. A 1975 wani masanin ƙidayar jama'a ɗan Amurka, Samuel Preston, ya jera ƙasashen duniya bisa kuɗin da ke zuwa kan mutum ɗaya in an raba arzikin ƙasa, ya gwada da tsawon ransu. Ya ga abu biyu, kuma har yau su ake tattaunawa.

Na farko, a wajen ƙasashe matalauta ƙarin kuɗi kaɗan yana kawo ƙarin shekaru masu yawa, amma da ƙasa ta yi arziki sai amfanin ƙarin ya riƙa raguwa. Malmalar tuwo ta farko ita ke tayar da mai jin yunwa. Ta biyar sai dai ta sa shi barci. Ƙasar da kuɗin shigar mutum ya tashi daga dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara za ta ga canji a maƙabarta. Wadda ta tashi daga 40,000 zuwa 41,000, ƙarin dala dubun nan ba zai nuna ba.

Na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. Preston ya gwada shekarun 1930 da na 1960, sai ya ga ƙasashe masu kuɗin shiga iri ɗaya a zamunnan biyu ba su da tsawon rai iri ɗaya. Mutanen shekarun 1960 sun fi daɗewa sosai. Ya ƙiyasta cewa kashi 75 zuwa 90 cikin 100 na ƙarin tsawon ran da aka samu a tsakanin bai fito daga ƙaruwar arziki ba. Daga sabon ilimi ya fito: maganin kashe ƙwayoyin cuta, rigakafi, feshin sauro, sanin cewa ruwa na ɗaukar cuta. Shi ya sa duniya gaba ɗaya ta tashi daga kusan shekara 46 a 1950 zuwa 73 a 2023, har da ƙasashen da arzikinsu bai motsa sosai ba. Agana ta kashe sarakuna da attajirai shekaru aru-aru. A 1980 aka bayyana ƙarewarta a duniya, yanzu ko ɗan talaka ba ya tsoronta.

Inda arziki da tsawon rai suka tafi kafaɗa da kafaɗa kuwa, babu kamar Koriya ta Kudu. A 1960 tsawon rai a can kusan 54 ne, wato inda Najeriya take yanzu. Yau sun haura 83.

Ta wace hanya kuɗi ke komawa shekaru?

Ba da kansa yake komawa ba, sai an kai shi. Tarihin Ingila ya isa shaida. A shekarun 1840 babu ƙasar da ta kai ta masana'antu, amma William Farr, mai kula da alƙaluman mace-mace na gwamnati, ya lissafa cewa tsawon rai a birnin Libaful shekara 26 ne kacal, alhali a karkarar Surrey 45 ne. Kuɗi na shigowa birni, mutane na cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ruwan sha na haɗuwa da na masai. Sai da kogin Thames ya yi ɗoyin da ya addabi 'yan majalisa a 1858 kafin aka saki kuɗin gina manyan magudanan ƙazanta na Landan. A Amurka an fara zuba sinadarin kulorin a ruwan famfo a Jersey City a 1908, sauran birane suka bi, zazzaɓin taifod ya ja da baya.

Hanyoyin dai sanannu ne: abinci isasshe ga mai ciki da yaro, ruwa mai tsabta da masai, rigakafi, hanya da mota da jini a ajiye don matar da haihuwa ta zo mata da gardama, da karatun 'ya'ya mata. Wasu aljihun magidanci ke saye. Amma mafi yawansu mutum ɗaya ba ya iya saya wa kansa. Attajiri zai haƙa rijiya a gidansa, ba zai hana kwalara shiga kasuwar da mai aikinsa ke sayo ganye ba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, akasarinsu a arewa, shekara 167 bayan wani likita, John Snow, ya nuna a Landan cewa ta ruwan sha take yaɗuwa.

In haka ne, me ya sa Amurka ba ta kan gaba?

Amurka na kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya, fiye da dala 12,000 kan kowane mutum a shekara, babu mai kamo ta. Duk da haka tsawon ranta ya tsaya 78 da ɗoriya a 2023, bayan ya faɗi zuwa 76 da ɗoriya a 2021 lokacin korona. Japan, Italiya, Sifaniya da Faransa duk sun ba ta shekaru.

Ba rashin asibitoci masu kyau ba ne. Matsalar ita ce yawan masu mutuwa da ƙuruciya ko tsakiyar shekaru. Shan ƙwaya fiye da kima ya kashe sama da mutum 100,000 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023. Bindiga ta kashe kusan 48,000 a 2022, haɗarin mota sama da 40,000. Ga ƙiba da ciwon sukari, ga miliyoyin da ba su da inshorar lafiya. Masana tattalin arziki biyu, Anne Case da Angus Deaton, sun nuna tun 2015 cewa mutuwa ta hanyar ƙwaya da giya da kashe kai na ƙaruwa tsakanin fararen fata masu matsakaitan shekaru, musamman waɗanda ba su yi jami'a ba. Mutuwar ɗan shekara 30 tana cin lissafi fiye da ta ɗan 80 nesa ba kusa ba, kuma injin asibiti mai tsada ba ya mayar da ita.

Akwai ƙasashe marasa ƙarfi da mutanensu ke daɗewa?

Akwai, kuma daga gare su ya kamata mu ɗauki darasi, ba daga Jamus ba.

Kosta Rika ta soke rundunar sojanta a 1948, ta karkata ga makarantu da asibitoci. Kuɗin shigar mutuminta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na Ba'amurke ba, amma tsawon ransa ya kai 80. Tsarinsu shi ne a raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace da ƙaramar tawagar lafiya, ma'aikaci ya bi gida-gida yana auna hawan jini yana duba katin rigakafi. Sri Lanka ta shimfiɗa ungozomomin gwamnati har ƙauyuka tun tana talaka, a 2016 aka tabbatar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Jihar Kerala ta Indiya ta fi sauran ƙasar tsawon rai tun ba ta da wata masana'anta, don matanta sun yi karatu. Sin ta tashi daga ƙasa da shekara 40 a 1949 zuwa kusan 65 a 1980, kafin arzikin da ake ganinta da shi yanzu, ta hanyar ba manoma gajeren horo su zama ma'aikatan lafiyar ƙauye. Ko da yake a tsakanin ne kuma manufofin gwamnati suka jawo yunwar 1959 zuwa 1961 da ta ci miliyoyin rayuka.

Na Bangaladash ya fi burge ni, saboda arharsa. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta aika mata gida-gida suna koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Ba cokali, ba ma'auni: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, a rabin lita na ruwa. Ana biyan mai koyarwa ne bisa yadda uwar ta iya haɗawa in mai duba aiki ya dawo ya gwada ta. Cikin shekara goma sun kai ga gidaje fiye da miliyan 12. Yau mutumin Bangaladash ya fi na Pakistan daɗewa da shekaru, alhali lokacin da suka rabu a 1971 Bangaladash ce ake yi wa kallon wadda ba za ta kai labari ba.

Batun karatun mata kuwa a nan gida aka fara tabbatar da shi da alƙaluma. A 1979 John Caldwell, ɗan Ostireliya, ya yi nazarin bayanan Ibadan da kewaye, ya ga cewa ilimin uwa ya fi sana'ar uba tasiri a kan ko yaro zai rayu. Uwar da ta yi makaranta ta fi saurin kai yaro asibiti, ta fi iya tsayawa gaban ma'aikacin jinya ta yi tambaya, kuma ta fi samun ta cewa a gidan miji.

Ta yaya Nijar za ta fi Najeriya tsawon rai, bayan Najeriya ta fi ta kuɗi?

Wannan tambaya takan ɓata wa wasu rai. A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023, Nijar na da kusan shekara 61, Najeriya 54 da ɗoriya, alhali a 2019 kuɗin shigar ɗan Najeriya ya ninka na ɗan Nijar kusan sau huɗu.

Kada a ɗauka Nijar ta tsira. Mutuwar yara a can har yanzu tana cikin mafi muni a duniya, kusan kunnen doki suke da Najeriya, kuma ci gaban ya tsaya a 'yan shekarun nan. Amma akwai abin da ta yi da ya isa a duba. Tsakanin 1998 da 2009, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin kowane 1,000 zuwa 128. Ba wani arziki ne ya faɗo ba. A zamanin shugaban ƙasa Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, aka sa ma'aikatan da za su iya maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari nan take. A 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da biyar da mata masu awon ciki ba za su biya ba. Aka raba gidan sauro da sinadarin bitamin A, aka buɗe cibiyoyin tamowa bayan yunwar 2005. Daga baya gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, kantoci suka bushe, kyautar ta zama ta baka a wurare da yawa.

Najeriya kuwa ita ta karɓi baƙuncin taron 2001 inda shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, sunan Abuja ma alƙawarin ke ɗauke da shi. Amma kason lafiya a kasafin tarayya ya fi yawan tsayawa tsakanin kashi 4 da 6. Fiye da kashi 70 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyaci yake fita. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wurin haihuwa a duniya a 2020 'yan Najeriya ne, kuma kusan kashi 30 na masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a nan suke. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga ƙananan asibitoci, ta 2022 ta wajabta inshora. A takarda duk sun yi kyau.

Kenan arzikin man fetur ba ya ƙara rai?

Yana iya ƙarawa. Nowe da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun shaida. Amma kuɗin rijiyar mai baitulmali yake shiga kai tsaye, ba ya bi ta hannun manomi da ɗan kasuwa, don haka lambar "kowane mutum ɗaya" na iya zama ƙarya tsagwaronta. Ikwatoriyal Gini ta fara haƙar mai a tsakiyar shekarun 1990, ta daɗe tana sahun gaba a Afirka in an raba arziki kan kowane kai, amma tsawon ranta bai kai na Senigal ko Ruwanda ba.

In tattalin arziki ya karye, mutane sun fi mutuwa?

Ya danganta da inda ya karye da abin da ya rage a tsaye. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, tsawon ran maza a Rasha ya faɗi daga kusan 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, ba yaƙi ba annoba. Masana'antu sun rufe, ajiyar mutane ta narke, giya ta yi arha, zuciya da haɗari da kisa suka kwashe maza masu ƙarfi.

Abin mamaki shi ne a ƙasashe masu arziki akan ga akasin haka. Lokacin babban karayar arzikin Amurka tsawon rai ya tashi daga kusan 57 a 1929 zuwa kusan 63 a 1933. Masu kashe kansu sun ƙaru, amma motoci sun ragu a titi, hayaƙin masana'antu da haɗarin wurin aiki sun ragu. Wannan ba zai zama ta'aziyya ga ƙasa matalauciya ba. Inda iyali ke kashe fiye da rabin samunsu a abinci, ba abin da za a rage sai abincin da magani, kuma nazarce-nazarce a ƙasashe masu tasowa sun nuna mutuwar jarirai na ƙaruwa in arziki ya ja baya, ta 'ya'ya mata ma ta fi.

Tsadar rayuwar da ake ciki za ta taɓa tsawon rai a Najeriya?

Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 da sakin naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, ta abinci ta kai kusan 40. Magunguna da yawa daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su, sai farashinsu ya bi dala.

Wanda ke son ganin yadda wannan ke aiki ya tsaya a kemis ɗin unguwa bayan magariba. Uwa za ta miƙa takardar likita, a faɗa mata kuɗin maganin zazzaɓi na kwana uku, ta buɗe bakin zani ta ƙirga, ta ce a yanko mata na kwana ɗaya tukuna. Mai kemis ya ɗauki almakashi ya raba katin. Yaro ya ji sauƙi, ba a koma sayen sauran ba, bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo ya tarar da jiki ba jini. Mai hawan jini kuma ya koma shan ƙwayarsa sai ranar da kai ya sara. Irin wannan ba ya fitowa a lissafi nan take; yaron da tamowa ta tsumburar bana, sakamakonsa na iya kai shekaru kafin ya bayyana.

Cikin ƙasa ɗaya ma akwai bambanci?

Wani lokaci ya fi na tsakanin ƙasashe. A Amurka, binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna maza masu arzikin ƙoli sun fi matalautan ƙarshe daɗewa da kusan shekara 15. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu yara 132 cikin 1,000 na mutuwa kafin shekara biyar; amma a arewa maso yamma 187 ne, a kudu maso yamma 62. Naira ɗaya, shugaban ƙasa ɗaya, ninki uku.

Neman arzikin kansa yana kisa?

Yana yi. Da farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma. A 2010 aka gano, bayan yara aƙalla 400 sun rasu.

Wata cutar kuma ba ruwanta da kasafi. Botswana ta yi suna wajen tattalin kuɗin lu'ulu'u, amma ƙanjamau ya sauko da tsawon ranta daga sama da 60 zuwa kusan 50 a wajen 2000. Inda arzikin ya yi rana shi ne a 2002, da ta fara raba maganin rage kaifin cutar kyauta, lambar ta sake hawa.

Lafiya ce ke kawo arziki, ko arziki ke kawo lafiya?

Kowanne na jan ɗaya. Manomin da zazzaɓi ya kwantar a tsakiyar damina ya yi asarar shekara. Iyayen da suka tabbata 'ya'yansu za su rayu sukan rage haihuwa su ƙara kashe wa kowane yaro. Masana na jayayya kan girman tasirin: Daron Acemoglu da Simon Johnson sun nuna a 2007 cewa ƙarin tsawon rai na ƙara yawan jama'a da sauri, ba lallai kason kowane mutum ya ƙaru ba. A ganina gardamar ba ta canza komai ga mai tsara kasafi. Ba sai an tabbatar yaro zai ƙara wa ƙasa arziki kafin a yi masa rigakafin ƙyanda ba.

Waɗannan alƙaluma abin dogaro ne?

A Japan ko Suwidin, ƙwarai, domin kowace mutuwa sai an rubuta ta da dalilinta. A Najeriya ƙiyasi ne. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma mafi yawan mamata ana yi musu sutura a binne su a ranar ba tare da takardar shaidar mutuwa ba. Masu lissafi na dogara ne da binciken gida-gida, inda ake tambayar mata yara nawa suka haifa, nawa ke raye, a kuma tambayi manya labarin 'yan'uwansu da suka rasu. Shi ya sa lambobin ke saɓawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya kusan shekara 63, sashen ƙidayar jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta 54 da ɗoriya. Saɓanin ya fi yawa a ƙiyasin mutuwar manya. Na yara ya fi ƙarfi, don ana maimaita bincikensa duk bayan kusan shekara biyar. Mai son gwada jiharsa da wata, ko Najeriya da maƙwabtanta, ya fi masa sauƙi ya bi lambar mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma tabbata daga hukuma ɗaya ya ɗauko lambobin da yake gwadawa.